A Mayar Wa Malam Da Allinsa

Akwai wani bango a wani zauren lacca na garin nan Kaduna, wanda duk ɗalibin da ya taɓa zama a ciki ya san shi. A tsakiyarsa, daidai inda hasken majigi yake sauka, akwai wani baƙin zobe da 'yar kibiya a gefensa. Muna wurin ranar da aka zana shi. Malam yana koyar da ilmin ƙididdiga, yana juya shafukan da ya shirya a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, sai wata ɗaliba daga can baya ta ɗaga hannu ta ce, "Gafarta Malam, yaya aka yi layi na uku ya zama na huɗu?" Malam ya waiwaya neman alli, babu alli. Ko da akwai ma, an cire baƙin allon tun lokacin da aka gyara zauren. Ya yi ta zane a iska da yatsa, ɗaliba ta ce ita fa ba ta gane ba. Da abin ya ishe shi sai ya zaro alƙalamin maka daga aljihu, ya zagaye lambar da ake gardama a kanta a jikin bango. Da ya juya shafi lambar ta tafi abinta, zobe ya tsaya. Tun daga ranar, duk malamin da ya shigo da majiginsa, zoben nan yana zagaye masa abin da bai yi nufi ba.

Mun yi dariya a ranar, amma da muka zauna muka yi nazari sai muka ga abin tausayi ne. An ba malamin nan kwamfuta da majigi, aka karɓe masa alli, watau an ba shi baki an ɗaure masa hannu. Ra'ayinmu shi ne, lalle a mayar masa da allinsa a kan fuskar kwamfutar kanta, kuma a yi haka ba tare da an biya dala ba, ba kuma tare da an yi sata ba. Hanyar yin haka tana nan, mun neme ta mun samu, abin da ya rage kawai a kula da ita.

Mu jikokin masu allo ne. Tun kafin Nasara ya zo, yaron da aka kai makaranta yakan durƙusa gaban malam yana kallon yadda alƙalami ke tashi daga dama, inda yake lanƙwasa, inda yake ɗiga tawada, har harafi ya cika a kan idonsa. Da boko ya shigo, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, allo bai ɓace ba, girma ya yi, ya baƙanta, ya hau bango. Da shi aka yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda ta dawo nan Kaduna a 1938 kafin ta wuce Zariya a 1949. Da shi aka yaye magina da makanikai a makarantar koyon sana'a da aka kafa a 1956, wadda ta zama Kwalejin Fasaha ta Kaduna a 1968. Sa'ad da aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a garin nan a 1976, shekarar da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makamin da aka damƙa wa dubban malaman da ta horar bai wuce alli da dasta ba.

To, mene ne sirrin allo? Sirrinsa shi ne ɗalibi yana ganin tunani tun yana jariri. Yana ganin malam ya soma, ya dakata, ya yi kuskure, ya goge, ya sake hanya. Wannan kuskuren da gogewar su ne rabin darasin. Shafin majigi kuwa gamammen aiki ne, an share masa duk alamar wahala tun daga gida. Wanda aka nuna wa ɗinkakkiyar riga bai koyi ɗinki ba, sai wanda ya tsaya kusa da tela yana awo yana yanka. Wannan ne ya sa ɗalibai da yawa suke fita daga lacca da hotunan shafuka arba'in a cikin waya, amma in ka sauya lamba ɗaya a cikin tambaya sai su yi tsuru-tsuru.

Kada a ɗauka muna cewa a jefar da kwamfuta a koma jiya. Ko kusa. Akwai abubuwan da alli ba zai iya ba komi gwanintar mai riƙe da shi. Ba ya iya zana hoton ƙirjin majiyyaci yadda na'urar asibiti ta ɗauko shi. Ba ya iya kawo taswirar Kaduna daga Kawo zuwa bakin gada da kowane lungu nata. Ba ya iya nuna shafin tsohon littafin hannu irin waɗanda ke ajiye a Gidan Arewa, da tawadarsa da cin gararsa. A zauren da mutum ɗari huɗu suka cika kuwa, na sahun baya ba ya ganin rubutun alli sai dai ƙurarsa. Ga kuma abin da muka gani a watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, malami ya koma magana da ɗalibansa ta intanet, ba allo ba bango. Abin da ake bukata shi ne a haɗa biyun: hoto na gaskiya a fuskar kwamfuta, hannun malam kuma a kansa yana zagayewa, yana ja layi, yana rubutu yana gogewa, kamar wanda aka shimfiɗa wa gilashi a kan takarda aka ce ya yi zane a kai.

Wannan aikin ƙananan manhajoji ne ke yin sa. (Kalmar manhaja, iyayenmu da tsarin darussan makaranta suka san ta, yau ga ta ta koma sunan abin da ke tafiyar da kwamfuta. Ba mu ga laifin haka ba, gara ita da aron wata.) Da muka shiga neman wadda ba a biya, sai muka tarar kalmar kyauta a wannan kasuwa tana da fuska fiye da ɗaya.

Ta farkon da muka ci karo da ita, an rubuta kyauta da manyan baƙaƙe a kanta. Mun sauke ta, ta ba mu jan alƙalami da shuɗi, muka yi murna. Da muka nemi rubuta kalma da maɓallai, sai ta ce sai an biya. Da muka nemi farin allo, sai an biya. Kuɗin kuma da dala, wata-wata ko shekara-shekara. Ashe dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba mu ce masu ita sun yi haramun ba, guminsu ne, suna da ikon sa masa farashi. Amma mai karatu ya yi lissafi da kansa. Kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460, zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. A ce, alal misali, kuɗin dala 5 ne a wata: abin da yake Naira 2,300 ya koma 7,500 ba tare da mai manhajar ya ƙara ko kwabo ba. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashin Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kuma ko mutum yana da kuɗin, tun daga 2022 bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin Naira, sai a 2025 suka soma komawa. Makarantar da ta gina darasinta a kan irin wannan haya, ta miƙa allin malaminta ga farashin canji.

Hanya ta biyu ita ce wadda kowa ya sani, kowa kuma yake kawar da kai. Ka kai kwamfutarka shagon gyara, ka ba yaro abin shan ruwa, ya ɗura maka duk manhajar da kake so da fasasshen makulli. Mun yi, ba sau ɗaya ba, ba za mu yi wa kowa wa'azin da ba mu yi wa kanmu ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi. Malamin da zai kayar da ɗalibi don ya kwafi aikin wani, ba ya kyautuwa a ce da kayan sata yake nuna masa darasin. Ban da wannan ma, wanda ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa yakan cusa nasa ɓarawon a ciki, mai kwashe kalmomin sirri, ko mai kulle takardun mutum ya ce sai an biya fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai gida ne da kansa ya ɗauki guduma.

Hanya ta uku ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Akwai mutane a duniya da suka rubuta irin waɗannan manhajoji suka sake su, su da asalin rubutun da aka gina su da shi, suka ce kowa ya ɗauka. Wannan aƙida tana da tarihi. A 1983 wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya kira GNU, a 1985 ya kafa gidauniya dominsa, bisa cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba cikinta, ya gyara ta, ya kuma ba maƙwabcinsa. Turanci ya sha wahalar bayyana wannan, domin kalma ɗaya yake da ita ga abin da ba a biya da abin da ba shi da ubangida. Hausa ba ta da wannan matsala: kyauta daban, 'yanci daban. Mai kyauta yana iya fasawa gobe. Abin da aka 'yanta kuwa ba mai mayar da shi bauta.

Mafi sauƙi cikin waɗanda muka gwada ita ce ZoomIt, wadda Mark Russinovich ya rubuta don amfanin kansa wajen gabatar da jawabi. Tana cikin tarin kayan aikin nan da ake kira Sysinternals, waɗanda kamfanin Microsoft ya saya a 2006. Shekaru da yawa kyauta ce amma a rufe, sai a watan Janairu na 2025 aka saki asalin rubutunta aka shigar da ita cikin PowerToys. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai nauyin ɗan gajeren bidiyon da ake turawa a WhatsApp ba, tana kuma tashi daga kan filashi ba sai an girka ta ba. In ka danna Ctrl da 1, ta ƙara girman wurin da kake nunawa har na sahun baya ya gani. In ka danna Ctrl da 2, linzami ya zama alƙalami a kan ko mene ne ke fuskar kwamfutar. Harafin R ja, G kore, B shuɗi, T kuwa ya ba ka damar rubuta kalmomi. Da malaminmu ya san wannan, da bangon nan yana nan fari fat. Akwai kuma gInk da ƙanwarta ppInk, wadda wani ya ɗauki ta farkon ya ƙara mata kibau da lambobi da siffofi, ba tare da ya nemi iznin kowa ba, domin lasisin ya riga ya ba shi. Masu aiki da Linux suna da Gromit-MPX. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga shi kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ɗalibai ke saye tsofaffi ne da ba su iya ɗaukar sabuwar.

Amma wadda labarinta ya fi kama mana hankali ita ce OpenBoard. An fara ta a Jami'ar Lozan ta ƙasar Suwizalan a 2003 da sunan Uniboard. A 2010 wata hukumar gwamnatin Faransa mai kula da ilmin zamani a Afirka ta saye ta, ta buɗe ta ga kowa, ta raɗa mata suna Open-Sankoré, watau sunan masallacin Sankore na Tumbuktu, garin da malamansa suka zo suka karantar a Kano da Katsina tun ƙarni na 15 da na 16. Mun san halin kyautar tsofaffin 'yan mulkin mallaka, ba kasafai take zuwa ba igiya ba, kuma kamar yadda aka saba, shirin ya yi zamaninsa ya mutu. Abin lura shi ne manhajar ba ta bi shi kabari ba. Daga baya ma'aikatar ilmi ta lardin Janiba ta ɗauki asalin rubutun ta ci gaba da rainonsa don makarantunta da sunan OpenBoard, yau kuma duk mai so yana saukewa, ko Windows gare shi, ko Mac, ko Linux. Cikakken allo ce mai shafuka, ana buɗe littafi a ciki a yi rubutu a kansa, akwai ma'auni da kamfas na lissafi, ana kuma iya fita a yi zane a kan duk abin da ke fuskar kwamfutar. Idan aka tashi, a adana allon gaba ɗaya a tura wa 'yan aji. Wane baƙin allo ne ya taɓa bin ɗalibi har ɗakin kwanansa?

A dubi wanda ya yi wannan aikin: ma'aikatar ilmi ce ta lardi guda, ba wani hamshaƙin kamfani ba. Mutanen Janiba ba su fi mu bukatar tsimi ba, sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, duk da haka suka ga ya fi musu su mallaki allonsu da su yi hayarsa. Mu da ke da jami'ar jiha tun 2004, da kwalejin fasaha, da cibiyar malamai ta ƙasa, duk a wannan ɓangare na kogi, kowace shekara kuma muna yaye ɗaruruwan masu digiri da difloma a ilmin kwamfuta, me ya hana mu? Sau nawa ɗalibin shekarar ƙarshe yake ɓata wata shida yana rubuta abin da zai ƙare a kan kanta ƙura ta rufe shi? Da sashen kwamfuta da sashen Hausa za su haɗa kai su fassara umurnan OpenBoard zuwa Hausa, da malamin firamare a Rigachikun ya ci moriyar aikin, da sunan makarantar kuma ya shiga inda ba a zata ba. Lasisin ya yarda, ba a bukatar takardar kowa.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Duk wanda ya taɓa shirya darasin Hausa a kwamfutar wani ya san yadda ƙ da ɗ da ɓ suke rikiɗewa su koma 'yan akwatuna a gaban jama'a, balle a zo ga ajami da wasullansa. Hannu ba ya wannan. Abin da ka rubuta shi zai fito.

'Yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu ke zaune a ofisoshin Titin Independence da Sakatariyar Tarayya ta Kawo, maganar nan ta shafe ku fiye da yadda kuke zato. Ƙaramin ma'aikaci ne kullum ake ba majigi ya riƙe a taron kasafin kuɗi. Idan Babban Sakatare ya ce, "Ina adadin da kake magana a kai?" ba ya kyautuwa ka tashi ka je kana dangwala yatsa a bango, inuwarka ta rufe rabin jadawalin. Ka zagaye shi daga inda kake zaune, ka ja kibiya zuwa na bara, magana ta ƙare. Sa'an nan ku tuna kwamfutar ofis ba taku ba ce, a cikinta akwai albashin mutane da takardun filayensu da sirrin lafiyarsu. Tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Ranar da fasasshiyar manhaja ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, ba yaron shago za a kira gaban kwamiti ba.

Mun san abin da za a ce mana, kuma wasu daga cikin masu faɗa suna da gaskiya. Za a ce alli ba ya jiran wutar lantarki. Haka ne, don haka ma muke cewa duk zauren da aka cire wa allo a mayar masa, a kafa shi a gefen majigi, ranar da aka ɗauke wuta kuma babu man janareta a ci gaba da karatu. Za a ce rubutu da linzami kamar rubutu da hannun hagu ne a cikin mota. Wannan ma gaskiya ne. Zobe da kibiya da jan layi suna yiwuwa da linzami, amma mai koyar da lissafi ko Larabci yana bukatar ɗan faifan nan mai alƙalami da ake jonawa da kwamfuta. Kuɗi ne, amma sau ɗaya ake biya, ba a kuma sake tambayarka, kuma guda biyu ko uku sun ishi sashe guda a riƙa karɓa-karɓa. Makarantar da ta iya sayen majigi ba za ta ce wannan ya gagare ta ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa, in ta lalace wa za a kama? Wasu daga cikin manhajojin nan mutum ɗaya ne ke kula da su a lokacin hutunsa, yana iya gajiya ya ajiye. Ba mu musa ba. Sai dai muna tambaya, wa aka taɓa kamawa a Kaduna don manhajar kuɗi ta lalace? Kamfani ma yana rufewa, yana sauya farashi, yana daina kula da abin da ya sayar, in ya tafi kuwa da makullinsa yake tafiya. Ta Sankore da masu ita suka watsar, an samu mai ɗauka, don an bar ƙofar a buɗe. Muna zargin ma akwai wani dalilin da ba a faɗa: abin da ba a saye ba shi da kwangila, abin da ba shi da kwangila kuwa ba ya samun mai tsaya masa a wurin taro. Wannan dai hannunka mai sanda ne.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Sashen kula da kwamfutoci na kowace makaranta ya sa ZoomIt da OpenBoard a duk kwamfutar da ke jone da majigi, aikin yini ɗaya ne. A ware awa biyu a farkon zango a nuna wa malamai, manya da ƙanana, ba tare da an kunyata wanda bai iya ba, domin wanda ya shekara talatin da alli a hannu ba jahili ba ne don bai san Ctrl da 2 ba. Ƙungiyar ɗalibai kuma kada ta jira hukuma. Ta sayi filashi kaɗan daga kuɗin da muke biya, ta zuba waɗannan manhajoji a ciki, ta ajiye a ofishinta, duk mai so ya zo ya kwafa ba tare da ya ƙona datarsa ba. Wannan rabon halal ne, masu su ne suka ce a yi. Sharaɗi ɗaya ne: wanda za a aika ya sauko da su ya ɗauko daga tushe, ZoomIt daga shafin Microsoft, gInk da ppInk daga shafukansu na GitHub, OpenBoard daga nata shafin, kada ya bi ta wuraren nan masu manyan korayen maɓallai da ke cewa danna nan. Wakilan aji kuma kowa ya koya, don ranar da malam ya soma laluben aljihu neman maka, a samu mai tasowa cikin ladabi ya ce, "Malam, ga wata hanya."